KUƊIN GORO: Raddi Ga Masu Cewa "Yaran Zamani Duk Sun Lalace"



  

Wata ranar Laraba, tsakanin Magariba da Isha'i, ina zaune a masallacin unguwarmu ina jiran lokaci. A sahun da ke gabana akwai wani saurayi ɗan kimanin shekara 22, ya jingina da ginshiƙi, ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, leɓɓansa suna motsi. Na san shi sarai, domin ya taɓa zama ɗalibina. Da rana gyaran waya yake yi a kasuwa, kuma izu goma sha biyu suka rage masa ya haɗa hadda. Sai ga wani dattijo ya shigo, ko nafilar gaisuwar masallaci bai yi ba, ya tsaya a kansa ya ce: "Kai yaro! Nan ɗin ma ba za ku bar mu mu huta ba? Ɗakin Allah ne nan ko gidan kallon ƙwallo? Ai ku yaran zamani an riga an gama da ku."

Yaron ya ɗago kai cikin ladabi ya ce: "Baba, a yi haƙuri, tilawa nake yi." Ya juya masa fuskar wayar, sai ga Suratu Maryam. Kana tsammanin dattijon ya ce masa Allah Ya yi albarka? Ina! Cewa ya yi: "To, babu Alƙur'ani ne a kan kanta? Ku dai komai sai kun kawo iyayi." Aka yi salla aka watse. Mako uku ban ƙara ganin yaron nan a sahu ba. Da na bi sawunsa har rumfarsa, abin da ya ce mini shi ne: "Malam, ban daina jam'i ba. Na koma wani masallaci ne inda ba wanda ya san ni."

Wannan magana ita ta hana ni barci, ita kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ni ba yaro ba ne ƙarami, ban kuma kai dattijo ba. Ina tsakiya ne, ina jin abin da iyayenmu ke faɗi a majalisa, ina kuma ganin abin da ɗalibaina ke haɗiyewa a aji. Abin da zan faɗi ba raini ba ne ga manya, Allah Ya tsare ni da haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

TUHUMAR DA AKE YI

Kowa ya san karatun, don kullum ana bita. A wurin ɗaurin aure, a zaman makoki, a kan mumbari, har a wurin walimar sauka inda yara arba'in suka haddace Littafin Allah, sai a sami babban baƙo ya miƙe ya kwashe rabin sa'a yana cewa: yaran yanzu ba su da kunya, ba su da ladabi, malalata ne, ba su son wahala, suna son kuɗin dare ɗaya, ba abin da suka iya sai latsa waya, samari 'yan shaye-shaye ne, 'yan mata kuwa sai kwalliya da kwaɗayi. Sa'annan a rufe da: "Mu a zamaninmu..."

Ban ce babu masu waɗannan halaye ba. Wanda ya ce babu ya yi ƙarya, ni da kaina na kori ɗalibi saboda shaye-shaye, ina hawaye. Abin da nake inkari shi ne kalmar "duk". Abin da nake inkari shi ne a yi wa miliyoyin bayin Allah kuɗin goro, a haɗa mahaddaci da ɗan daba, a haɗa yarinyar da ke ɗinki tana biya wa ƙannenta kuɗin makaranta da wadda ta fitsare, a zuba su a kwando ɗaya a liƙa musu suna guda. Wannan zalunci ne, kuma furfura ba ta mayar da zalunci ya zama halal.

ME ADDINI YA CE GAME DA IRIN WANNAN HUKUNCI?

Da farko, duk ɗalibin Islamiyya ya san cewa Suratul Hujurat, a aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili ga mutane, ta hana jifa da miyagun laƙubba, ta kuma hana yawan zato. Ban ga inda aka keɓe cewa hanin ya faɗi idan wanda ake zargi yaro ne ba. Dattijon da ya ga saurayi da waya a masallaci ya yanke cewa shiririta yake yi, me ya aikata in ba mummunan zato ba? Kalmar "yaran zamani" kuwa, a yadda ake furta ta da yatsina fuska, me ta zama in ba mummunan laƙabi ba?

Na biyu, ƙa'ida ce da Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Mu ne muke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma a ma'aunin Allah kowane wake da hisabinsa.

Na uku, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, akwai hadisin Abu Huraira (R.A) a cikin Sahihu Muslim wanda ke gargaɗin mutumin da ke yanke wa jama'a hukuncin halaka gaba ɗaya, yana nuna cewa shi mai faɗin ya fi su kusa da halakar. Imamu Malik da malaman da suka yi sharhi sun bayyana cewa abin zargin shi ne wanda ya faɗi haka don jiji da kai da wulaƙanta mutane, amma wanda ya faɗa don baƙin cikin abin da yake gani na taɓarɓarewar addini, babu laifi a kansa. To, kowane mai cewa "yaran yanzu sun lalace" ya tambayi zuciyarsa tsakaninsa da Allah: da kuka yake faɗi, ko da jin daɗin cewa shi ya fi su?

Na huɗu, hadisin da ake yawan karanta mana game da girmama manya, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, fukafukai biyu gare shi: tausaya wa ƙarami da sanin haƙƙin babba. An haɗa su ne a zance guda. Me ya sa kullum ake karanta mana rabi a haɗiye rabi?

TARIHI BA YA GOYON BAYANKU

A shekara ta 11 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W) ya naɗa Usama ɗan Zaidu (R.A) shugaban runduna, alhali bai kai shekara 20 ba, kuma a cikin rundunar akwai manyan Muhajirai da Ansar, har da Umar (R.A). Wasu suka yi ƙorafi. Manzon Allah, yana cikin ciwon ajali, ya mayar musu da martani, ya tuna musu cewa haka suka soki shugabancin mahaifinsa a da, ya kuma tabbatar da cancantarsa. Bayan wafati aka sake kawo wa Abubakar (R.A) shawarar a canza shi da wanda ya fi shi shekaru, ya ƙi ƙememe. Har ma ya raka shi da ƙafa, Usama yana bisa abin hawa, sa'annan ya nemi izininsa ya bar masa Umar a Madina. Halifa ke neman izinin saurayi! Allahu Akbar!

Zaidu ɗan Sabitu (R.A) yana ɗan shekara 11 lokacin Hijira. Bayan yaƙin Yamama, da aka ji tsoron ƙarewar mahaddata, shi aka ɗora wa tattara Alƙur'ani, yana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ƙuruciyarsa na cikin dalilan da Abubakar ya ambata na zaɓensa. Umar kuwa yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas (R.A) a majalisar dattawan Badar. Da wasunsu suka nuna rashin jin daɗi, suna cewa ai suna da 'ya'ya sa'anninsa, sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri. Ɗan Abbas ne ya gano cewa surar tana sanar da kusantowar ajalin Manzon Allah. Ka ga ke nan ƙorafin manya a kan yara tsohon abu ne, kuma magabata na ƙwarai ba su biye masa ba.

Mu dawo gida. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20. Lokacin hijira zuwa Gudu a 1804, ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, yana da shekara 23, kuma yana cikin jagororin jama'a. Da za a tambayi fadawan Gobir na wancan lokaci, da abin da za su ce bai wuce "yaran zamani marasa kunya" ba.

A zamanin boko ma haka. Abubakar Imam, haifaffen 1911, ya rubuta Ruwan Bagaja yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Malam Aminu Kano, haifaffen 1920, ya jagoranci NEPU yana da shekara talatin da 'yan kai. Maitama Sule, haifaffen 1929, ya zama minista a 1959. Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31, Murtala Muhammad kuma a 1975 yana da 36. Wato tsarar da aka miƙa wa ƙasa sukutum tana da shekara talatin, ita ce ta wayi gari tana kiran ɗan shekara talatin da biyar "yaro". Sai da matasa suka yi fafutika kafin a sa hannu a dokar 2018 wadda ta rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35.

A watan Afrilu na shekarar 2018, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya yi wata magana a Landan wadda ta nuna cewa da yawa daga matasan Nijeriya ba su yi karatu ba, suna zaune suna jiran a ba su komai kyauta saboda ƙasar tana da man fetur. Maganar ta yi wa matasa ciwo ƙwarai. Shi kansa kuwa yana da shekara 32 aka ba shi gwamnan Jihar Arewa Maso Gabas a 1975. Ban kawo wannan don cin mutuncin mamaci ba, na kawo ne don a ga cewa wannan kallo ya kai har ƙololuwar mulki.

WA YA SHUKA ABIN DA AKE GIRBA?

An ce malalata ne. To, mu yi lissafi. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, a lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A 2024 aka mayar da shi naira 70,000, a lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma a ƙarshen shekarar wannan albashi bai isa sayen buhun shinkafa ba. Iyayenmu sun tashi sun tarar da masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suna ɗaukar dubban ma'aikata. Mu kuwa mun tashi mun tarar da yawancinsu kufai. Yaron da aka haifa a 2000, shi ya rufe masaƙa?

An ce ba su son karatu. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka yi na wata takwas. Wata goma sha bakwai ke nan ɗalibi yana zaune a gida, ba da zaɓinsa ba. Waɗanda suka zauna a teburin sulhu suka kasa daidaitawa, gwamnati da malamai, akwai ɗan shekara ashirin a cikinsu? Kuma kada a manta, a 1978 ɗaliban jami'o'in ƙasar nan sun yi zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go" saboda ƙarin kuɗin abinci da ɗakin kwana, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Waɗancan ɗalibai yau sun doshi shekara saba'in. Wasu daga cikinsu ne ke ce mana su ba su taɓa ɗaga wa na gaba murya ba.

An ce 'yan shaye-shaye ne. Haƙiƙa bala'i ne, wal iyazu billahi. Amma a 2018, lokacin da gwamnati ta haramta maganin tari mai ɗauke da kodin bayan binciken da BBC ta yi, me aka gano? Hanyar ta biyo ne ta kamfanoni da dillalan magani. Wane ɗan shekara 19 ne ke da kamfanin magani, ko ikon fito da kwantena daga tashar jiragen ruwa? An ce 'yan daba ne, 'yan sara-suka ne, 'yan kalare ne. Wa ke ba su kuɗi da ƙwaya ranar zaɓe? Wa ke zuwa belinsu kafin gari ya waye? Mai babbar riga ne, da furfurarsa, wanda 'ya'yansa ke karatu a ƙasar waje.

An ce samari sun ƙi aure. Wa ya ƙayyade yawan akwatunan lefe? Wa ke buɗe kaya a tsakar gida yana ƙirga atamfa da leshi yana taɓe baki? Wa ya mayar da kayan ɗaki da gara gasa tsakanin dangi? Ba amarya ba ce, ba ango ba ne. An ce suna satar jarrabawa. Ni malami ne, kuma wallahi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, uba ya same ni a keɓe yana roƙon in ƙara wa ɗansa maki. Wanda ya yi haka, da wane baki zai zagi tarbiyyar yaran zamani?

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan har tsara guda ta lalace baki ɗaya kamar yadda ake faɗi, to shaida ce a kan tsarar da ta rene ta, domin amanar kiwo a wuyan makiyayi take. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

AMMA AI AN CE ZAMANI ƘARA LALACEWA YAKE YI

Wani zai kawo hadisin Anas (R.A) da ke cikin Bukhari, wanda ke nuna cewa kowane zamani na bayansa ya fi shi sharri. Hadisi ne ingantacce, mun yi imani da shi. Sai dai a lura da abu uku. Anas ya faɗe shi ne ga mutanen da suka kawo kukan zaluncin Hajjaju, yana umartar su da haƙuri, ba wai yana zagin samari ba. Sa'annan malamai, kamar yadda Ibnu Hajar ya tattauna a Fathul Bari, sun lura cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya zo ne bayan Hajjaju, don haka maganar a kan galibi take. Na ƙarshe, zamani ya ƙunshi kowa da ke raye a cikinsa, tsoho da yaro. Wanda ya kafa hujja da shi a kan jikansa, ya sani kakansa ma zai iya kafawa a kansa.

Kuma a gaskiya, wa ke cika sahun Tarawihi da Tahajjudi a goman ƙarshe? Wa ke fafatawa a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986? Su wa ke karantarwa a dubban makarantun Islamiyya a kan alawus da bai isa kuɗin mota ba? A 2013, lokacin da Maiduguri ta shiga halin ha'ula'i, su wa suka fito da gora a hannu suka tsaya wa garinsu? Waɗannan duka yaran zamani ne. Me ya sa in an tashi misali ba a ganin su, sai na bakin kwata?

ABIN DA MUKE ASARA

Ga inda haɗarin yake. Fiye da rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 20 ba. Al'ummar da ta yanke ƙauna daga matasanta ta yanke ƙauna ne daga kanta. Yaron da kullum ake ce masa lalatacce, wata rana zai ce tunda an riga an ba ni sunan, bari in ci gashinsa. Wanda kuwa ya yi tambaya a majalisin karatu aka ce masa rashin kunya ne, ba daina tambaya zai yi ba, wurin tambayar zai canza. Zai tafi intanet, ya faɗa hannun duk wanda ya saurare shi: mai kafirta Musulmi, ko mai sa shakka a addini, ko ɗan damfara. Masu ɓatar da matasa ba su fi malamanmu ilimi ba. Abin da suka fi mu shi ne sakin fuska da kiran yaro da sunansa.

Ɗalibina ya koma wani masallaci, alhamdu lillahi. Nawa ne suka fita ba su koma kowane masallaci ba?

Ya ku iyayenmu, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Mun yarda abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, ku nuna mana abin da kuka hango, da lallashi, a keɓe. Ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Wanda ya yi laifi a kira shi shi kaɗai. Wanda ya yi abin kirki a yaba masa a gaban jama'a, kamar yadda ake kunyata mai laifi a gaban jama'a. Ku sa matasa a kwamitin masallaci da na makaranta, ba don shara da shimfiɗa tabarma kaɗai ba. Ai ku kuka koya mana cewa babba juji ne.

KU KUMA 'YAN'UWANA MATASA

Kada wani ya karanta wannan ya tafi yana ɗaga wa mahaifinsa murya ya ce Malam ya ba shi hujja. Ban ba ka ba. Haƙƙin iyaye da girman dattijo ba su faɗuwa don sun yi maka kuskure. Usama bai mayar wa masu sukarsa da zagi ba, ya tafi ne ya dawo da nasara. Ɗan Abbas bai yi musu da dattawan Badar ba, ya bari ilminsa ya yi magana.

Sa'annan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sa'o'in da muke ƙonawa a kan waya, zagin malamai da sunan raddi, raina ƙaramar sana'a, kwana kallo a makara Asuba, duk waɗannan namu ne, ba wanda ya ɗora mana. Rashin adalcin manya ba uzuri ba ne a gaban Allah, domin kowa za a tambaye shi game da ƙuruciyarsa, a me ya ƙarar da ita. Matashin da ya tashi cikin bautar Allah yana cikin mutum bakwai da aka yi wa alkawarin inuwa ranar da babu wata inuwa. Wannan matsayi ba ya buƙatar sa hannun kowane dattijo.

Abu na ƙarshe: yau kai ne yaro, gobe kai ne mai furfura. Na riga na fara jin sa'annina, 'yan shekara talatin da wani abu, suna cewa "yaran yanzu" da irin wancan yatsinar. In ranarka ta zo, ka tuna zafin da ka ji, kada ka gadar da shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya saka musu da alheri bisa wahalar da suka sha a kanmu. Allah Ya shiryi matasanmu, Ya buɗa musu hanyoyin halal, Ya sanya tausayi a zukatan manya da ladabi a zukatan yara. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah.